Kulɓar Koriya da tamu ta gida

Jama'a ni dai har yau ban ga laifin da kulɓa ta yi mana ba da muke binta da dutse duk inda ta ɓullo. Nan Koriya ta Kudu da nake zaune suma suna da tasu, amma wallahi 'yar firit ce, duk da jelarta da ƙyar take wuce santimita 10, ruwan ƙasa-ƙasa mai sheƙi, ƙafafu 'yan gajeru kamar an manta da su ne aka liƙa daga baya. Masana na ce mata Scincella vandenburghi, tun 1927 aka rubuta bayaninta, kuma ana samunta har a tsibirin Tsushima na Japan.

Tamu ta gida kun san ta, ƙatuwa mai jan gefe ko mai shuɗiyar jela, tana shan hantsi a gindin katanga ba ruwanta. Wannan kuwa ba ta son fili sam, cikin busassun ganye take a dajin kan duwatsu inda akwai damshi, sai dai ka ji ƙaras-ƙaras ta wuce, tana farautar gizo-gizo da ƙananan ƙwari da tsutsa. Abin da ya fi burge ni fatar idonta ta ƙasa, akwai wata 'yar taga garai-garai a jiki, wato ko ta rufe ido saboda ƙasa tana ganin abin da ke zuwa, ikon Allah. In ka kamo jelar ta sakar maka ita tana mutsu-mutsu ta gudu, daga baya wata ta tsiro. Da rani take ƙwai, in hunturu ya shigo kuwa, irin sanyin nan da ruwa ke daskarewa ba irin namu na Kano ba, sai ta shige ƙasa ta kwanta watanni ba ci. Akwai ma 'yar uwarta a nan, huanrenensis, ita haihuwa take ba ƙwai ba.

To mu kuma tun muna yara ake ce mana kulɓa dafi gare ta, in ta cije ka shikenan. Ba ta da dafi ko kaɗan, daga tamu har ta Asiya. Nan mutane na hawan dutse ƙarshen mako su wuce ta ko kallo bata ishe su ba, yara ma hoto suke ɗauka a waya. Mu da gara da kyankyaso suka addabi gidajenmu mu ne ma ya kamata mu bar ta ta yi kiwonta a tsakar gida, tunda abincinta kenan kuma ba sisinka za ka kashe na feshi ba.