Ga Matasa Masu Zane: Launi Ba Ya Son Gaggawa

'Yan uwana matasa masu zane da buga hoto, ina da magana da ku. Basira kam Allah Ya ba ku, amma gaggawa tana cinye ta. Sai a antaya launi biyar ko shida lokaci guda, wannan ya hau kan wancan, ja ya tsallake layinsa, a ce ai mai saye ba zai lura ba. Yana lura. Kunya ce ta hana shi magana, kuma ba zai dawo ba.

Ku dubi abin da mutanen Japan suka yi da katako da takarda kawai. A birnin Edo, wanda yau ake kira Tokyo, a shekarar 1765 wani mai zane, Suzuki Harunobu, ya shahara da hotuna masu launuka da yawa da ake kira nishiki-e. Kafin nan baƙi ake bugawa a cika launi da hannu, ko a tsaya kan launi biyu ko uku. Abin da ya riƙe wannan aiki wata 'yar alama ce mai suna kento: tsaga biyu a gefen allon katako, ɗaya mai kusurwa, ɗaya miƙaƙƙiya. Launukan kowanne da allon da aka sassaƙa masa, kuma kowane allo an sassaƙa masa wannan alama a wuri guda, nan za a zaunar da gefen takarda duk lokacin da za a ƙara launi. Idan ta goce ko da kaurin zare ne, leɓen macen da ke hoton zai koma haɓarta.

Sai tsarin bugawa, wanda shi na fi so ku riƙe. Allon layukan zane ake fara bugawa. Daga nan launi mai haske, sannan mai duhu. Mai bugu zai shafa launin da aka dama da ruwa, ya ƙara ɗan kunun shinkafa mai danƙo, ya ɗora takarda mai ɗan laima, ya murza bayanta da baren, wani ɗan faifai da aka naɗe da ɓawon gora. Babu inji, ƙarfin kafaɗa ne. Launin nan na ruwa ne, na ƙasa yana leƙowa ta cikin na sama, saboda haka kuskuren da aka yi a bugun farko ba ya ɓoyuwa a na goma. In ana son launi ya yi zurfi, ba a lafta shi da yawa, sake bugawa ake yi, kamar yadda marinan Ƙofar Mata ke tsoma zane a baba su fitar, ya sha iska, su sake tsomawa.

Ku nemi shahararren hoton igiyar ruwa na Hokusai, wani mai zanen Japan, na wajajen 1831, ku ƙura wa shuɗinsa ido. Akwai mai duhu, akwai mai haske, kowanne da bugunsa. Ku dubi sararin samaniya a hotunan Hiroshige, shi ma mai zanen Japan, yadda launi ke dusashewa a hankali har ya ɓace. Bokashi ake kiran wannan: a jiƙa allo, a sa launi a gefe guda, a baza shi da buroshi. Haka za a maimaita wa kowace takarda, ɗaya bayan ɗaya. Kuma masu bugun nan, da wuya ka ga sunansu a jikin hoton. Na mai zane da na mawallafi ake gani. Wannan yana taɓa min zuciya ƙwarai, domin hannunsu ne ya fito da kyan.

Don Allah, kafin ku buɗe gwangwanin fenti gobe, ku tsayar da alamar da takarda ko riga za ta zauna a kai. Ku rubuta jerin launukanku, mai haske a gaba. Ku gwada a kan tarkacen takarda har layi ya hau layi, sannan ku taɓa kayan mai saye. Wanda kuma yake da maigida a sana'ar nan, ya tsaya kusa da shi lokacin da yake haɗa launi, ya yi tambaya.