Al'ummar Da Ke Ƙarewa A Dazukan Bayelsa

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa tururuwa ta ciji wani Annabi daga cikin Annabawa, sai ya sa aka ƙone gidan tururuwar baki ɗaya. Allah Ya yi masa wahayi cewa: don tururuwa ɗaya ta cije ka, shi ne ka halaka al'umma guda daga cikin al'ummomin da ke tasbihi? Wannan fa Annabi ne aka yi wa faɗa, a kan tururuwa. To ina ga mu?

A cikin dazukan fadama na jihar Bayelsa akwai wani irin biri mai jan gashi, masana suna kiransa jan kolobus na Neja Delta. Duk duniya babu inda Allah Ya ajiye shi sai nan. Sai a 1993 masu bincike suka san da shi, amma yau waɗanda suka rage ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, kuma IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta sa shi cikin jerin dabbobin da ke dab da ƙarewa.

Ba ya shiga gonar kowa. Can saman bishiya yake rayuwa, yana cin ɗanyen ganye, cikinsa ma an halicce shi ne don wannan abincin, shi ya sa in an kama shi an tsare ba ya daɗewa yake mutuwa. Dajin nan shi ne gidansa, shi ne abincinsa. Masu sarar katako sun bi manyan bishiyoyin da yake ci, musamman abura, suna kayarwa. Aikin haƙar mai ya yanka hanyoyin ruwa cikin dajin, ya buɗe wa kwalekwalen masu zarto da maharba ƙofa, ga kuma malalar ɗanyen mai. Abin tausayi, biran nan garke-garke suke yawo suna kuka, maharbi ba ya shan wahalar gano su. Wani jan kolobus ɗan uwansa na Ghana da Kwaddibuwa, rabon da masu bincike su gan shi da rai tun 1978.

Wani zai ce ina ruwana da birin Bayelsa. Ɗan uwa, kuɗin man nan da kai ake ci, katakon kudu kuma a rufin ɗakunanmu yake. Allah Ya ce a Suratul An'am, aya ta 38, babu wata dabba a ƙasa ko tsuntsu mai tashi da fikafikansa face al'ummomi ne irinku. Ni dai tsorona kada a tambaye mu ranar hisabi, a ce an shafe al'umma guda a ƙasarku kuna gani, ko a jikinku.

Kuma mu duba kusa da gida. Ɗan birin da ake sayarwa a bakin hanya, ko wanda ake ja da sarƙa ana wasa da shi a kasuwa, galibi sai an kashe uwarsa ake samunsa. Kada ka saya wa yaro. Kada ka ba mai wasan ko kwabo.

Mutanen Apoi a Bayelsa sun keɓe wani yanki na dajinsu a 2020 don kare wannan biri, sun hana sara da farauta a cikinsa, 'ya'yansu ne ke gadi. Allah Ya saka masu da alheri, Ya ƙarfafe su a kan wannan aiki.