Sha Biyun Dare ta Wace Rana?

Shekara goma sha huɗu ina koyarwa, kuma duk ɗalibin da ya bi ta hannuna ya san ba na ƙara wa'adi. Idan na ce a kawo aiki ranar Juma'a, to Juma'a ce. A zamanin takarda, da lokaci ya cika sai in ja ƙofar ofis in kulle, ina daga ciki ina jin masu latti suna turo takardunsu ta ƙarƙashin ƙofa, ni kuma ina mayar musu da ƙafa. Har laƙabi suka sa mini, wai Malam Kwaɗo. Ni dai na ɗauka kwaɗon ƙofa suke nufi, ban kuma bincika ba.

Da annobar korona ta kora makarantun duniya kan intanet a 2020, mu ma aka kwashe darussanmu aka zuba a dandalin koyarwa. Annoba ta wuce, dandali ya zauna daram. Aka tara malamai bita, aka kawo wani yaro injiniya wanda na tabbata na girme shi da shekara ashirin. Ya fara da tarihi: Moodle ya fito a 2002, wani ɗan Ostireliya mai suna Martin Dougiamas ne ya ƙirƙiro shi, Google Classroom ya biyo baya a 2014, ga Canvas, ga Blackboard. Ba zan faɗi wanda muke amfani da shi ba, domin a duk abin da zan ba ku labari babu laifinsa ko ƙwaya ɗaya. Ina cikin gyangyaɗi na ji yaron yana cewa, "Malamai, don Allah ku kula da akwatunan kwanan wata, guda uku ne." Na juya na ce wa na kusa da ni, "Yau kuma ni za a koya wa kwanan wata?" Na tattara takarduna na fice.

Ga abin da na bari a baya, wanda daga bisani na koya da gumin goshi. Akwati na farko ranar buɗewa ce, kafin ita ɗalibi ba shi da damar miƙa komai. Na biyu shi ne wa'adi: idan ya wuce ana karɓar aiki, amma na'ura za ta shafa wa sunanka jan fenti ta rubuta ka makara. Na uku ranar kullewa, wadda da ta cika maɓallin miƙa aikin ma ɓacewa yake yi. Wato wa'adi shi ne ni tsaye a bakin ƙofa ina harara, kullewa kuwa kwaɗon ne da kansa.

Aikin farko da na ɗora, na buɗe shi ranar Litinin. A akwati na biyu na zaɓi Juma'a, na sa 12:00 AM. A na uku ma haka, don ban ga amfanin barin ƙofa a sakaye ba. Can ƙasa na hango wani wuri da ake sa hukuncin latti, na ji daɗi har raina, na sa a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na maki a kowace rana. Sannan na aika sanarwa: "Kuna da lokaci har sha biyun daren Juma'a. Ko minti ɗaya ba zan ƙara ba."

Juma'a da asuba wayata ta fara rawa a kan tebur. Kafin gari ya waye sosai saƙo arba'in da wani abu sun taru. "Malam, an kulle." "Ranka ya daɗe, babu wurin turawa." "Malam, don girman Allah." Na yi murmushin wanda ya ga jiya ya ga yau. Ɗalibi 83 nake da su, shida kacal suka miƙa aiki, kuma a ganina ragowar 77 ɗin baki suka haɗa. Na zauna na rubuta musu nasiha mai sakin layi huɗu a kan muhimmancin kiyaye lokaci, har da misali da kaina.

Wajen hantsi wakilin ɗalibai ya ƙwanƙwasa ofis. Yaro mai ladabi, ya rusuna ya gaishe ni, ya ce, "Malam, yau wace rana ce?"

Na ce, "Juma'a."

"To Malam, daren Juma'a ya yi?"

Na leƙa taga. Rana tar.

Ya miƙo mini wayarsa. A jiki an rubuta cewa an rufe karɓar aiki tun awa goma da suka wuce. Nan take na yanke hukunci cewa na'ura ta lalace, na kira injiniya da muryar mai bin bashi. Ya saurare ni har na gama, sannan cikin sanyi ya ce, "Malam, 12:00 AM na Juma'a ai farkon Juma'a ne. Dare ne na tsakanin Alhamis da Juma'a. Da agogo ya bar 11:59 na daren Alhamis, sai ya faɗa can."

Na ce, "To ni ba haka nake nufi ba."

Ya ce, "Ita ba ta jin nufi, Malam, abin da aka rubuta take karantawa. Shi ya sa ake sa 11:59 PM, ko 23:59 a agogo mai awa 24. A Canvas ma idan mutum ya zaɓi rana bai sa lokaci ba, 11:59 na dare yake sa masa da kansa. Na faɗa a wurin bita, bayan fitarka da kamar minti biyu."

An ce rashin sani ya fi dare duhu, amma ban taɓa zaton a kan daren kansa za a gwada mini ba. Na sace wa mutum 77 yini guda cur, na kuma bi su da wa'azi.

Gyara ya zama dole, amma ban yarda in nemi taimako ba. Na shiga na matsar da ranar kullewa zuwa daren Asabar, na aika sanarwa cewa bisa tausayi irin nawa na ƙara lokaci. Ban taɓa akwatin wa'adi ba, don na manta da shi. Ranar Lahadi na buɗe jerin sunaye, na ga shafi ya yi jawur tun daga sama har ƙasa. Wanda ya miƙa Juma'a an zaftare masa kashi 10, na Asabar kashi 20. Wakilin ɗalibai ya rubuto, "Malam, mun gode da ƙarin lokacin, amma da alama sayar mana aka yi." Garin gyaran wannan na sauya kwanan wata sau biyar cikin rabin awa, ban san cewa duk sauyin da na adana sai dandalin ya aika wa kowane ɗalibi sanarwa ba. Saƙonsa na gaba gajere ne: "Malam, wanne ne na gaskiyar?"

Daga nan na zama gwani, a ganina. Duk malamin da na tarar yana ɗora aiki sai na tsaya a kansa in ce, "Kula da sha biyun nan fa." Har na fara tunanin a ba ni bitar baɗi.

Sai jarrabawar tsakiyar zango ta zo, ranar 4 ga Nuwamba. Tambaya ashirin, na'ura ce ke yin maki. Na buɗe ƙofa daga ƙarfe 8 zuwa 10 na dare, kowa yana da minti 60 daga lokacin da ya shiga. Na ma gargaɗe su, kamar yadda injiniya ya gargaɗe ni, cewa wanda ya shiga a makare ba zai sami sa'arsa cikakkiya ba, domin lokacin rufewa shi ke da iko a kan agogon minti 60. Akwai kuma wata ɗaliba da ke zaune a Ingila, inda ake mayar da agogo baya da awa guda a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Na tuna da ita, na ce ta bi lokacin da dandalin ya nuna mata, kada ta bi wanda na rubuta a sanarwa. Ku dubi irin zurfin tunani.

Don in nuna ni malamin zamani ne, na shirya takardar amsoshi, na ɗora ta tun mako guda kafin jarrabawa, na sa kada ta bayyana sai washegari, 5 ga Nuwamba. Ban tsaya latsa kalanda ba, wannan aikin 'yan koyo ne. Da hannuna na buga 05/11, na adana, na rufe kwamfuta.

Sakamako ya fito, na kusa yin hawaye. Cikin mutum 83, mutum 82 sun ci 19 bisa 20. Shekara goma sha huɗu ban taɓa ganin irin wannan ba. Har da wani yaro da ban taɓa jin muryarsa a aji ba, ya shiga ƙarfe 9:52, ya gama cikin minti shida, ya ci 19. A taron malamai na miƙe na ce wa shugaban sashe, "Yallaɓai, tsauri yana da rana. Ga hujja." Aka tafa mini. Na ba da shawarar a sa ido a kan yaron mai minti shida, don irinsu ne ke ɗaga sunan makaranta.

Ɗaliba ɗaya ce ta ɓata mini lissafi, ta ci 12. Na kira ta ofis, na yi mata faɗa sosai, na ce ta dubi 'yan'uwanta ta ji kunya. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, littafin kawai na karanta. Ban san akwai wata takarda ba sai bayan an gama."

"Wace takarda?"

Ta ɗago ta dube ni, ta mayar da kai ƙasa. Ba ta ƙara cewa uffan ba.

Bayan ta fita na buɗe sakamakon dalla-dalla. Mutum 82 ɗin nan duk tambaya ta bakwai suka faɗi, kuma duk amsa iri ɗaya suka zaɓa. Na buɗe takardar amsoshina. A tambaya ta bakwai hannuna ya zame, na rubuta amsar da ba ita ba. Mutum ɗaya tak ya ci tambaya ta bakwai a duk ajin, ita ce yarinyar da na gama wankewa yanzun nan.

Wannan karon ban kira injiniya da muryar bin bashi ba. Ya duba ya ce, "Malam, shafinka a tsarin Amurka yake, su wata suke fara rubutawa kafin rana. Da ka buga 05/11, ta karanta 11 ga Mayu. Mayu kuwa ya wuce da kusan wata shida, don haka kana adanawa takardar ta buɗe." Ya ƙara da cewa da 13 ga wata na rubuta ko sama da haka, da na'urar ta yi gardama, tunda babu wata na goma sha uku. Kwana sha biyun farko na kowane wata su ne ramin. Ya ce saboda irin wannan rikici ne aka fito da ƙa'idar ISO 8601 tun 1988, a fara da shekara, sai wata, sai rana. Na ce masa 1988 ba ta amfane ni da komai ba.

Mako guda cur takardar tana zaune a fili. Mutum 82 sun gani, babu wanda ya yi tari. Ɗaliban da ba su taɓa haɗuwa a kan ranar da za a yi darasin rama ba, sun riƙe sirri kamar kabari. A raina har na ɗan yaba musu. Komawa wurin shugaban sashe kuwa, wannan ba zan ba da labarinsa ba. Abin da zan ce kawai, tambayarsa ta farko ita ce, "Ina yaron namu mai ɗaga sunan makaranta?" An sake jarrabawa, yaron ya ci 4. Yarinyar kuwa na nemi afuwarta a gaban aji, abin da ban taɓa yi ba.

Ƙarshen zango ya zo, ofishin jarrabawa ya fitar da sanarwa cewa kowane malami ya shigar da makin ɗalibansa a dandali kafin 12:00 PM ranar Juma'a. Na karanta na yi dariya. Ni za a yi wa wannan? Ai na riga na haddace: AM shi ne daren farkon rana. To PM ke nan daren ƙarshenta. Ina da Juma'a sukutum. Na yi harkokina a natse, har na tsaya a hanya ina tsokanar wani malami da na ga yana gudu da kwamfuta a hammata wajen sha ɗaya da rabi na safe.

Ƙarfe huɗu na yamma na zauna, na miƙe ƙafa, na buɗe shafin. Babu maɓalli. Na sake lodawa. Na kashe kwamfuta na kunna. A sama, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta cewa an kulle tun awa huɗu da suka wuce. Ashe 12:00 PM tsakar rana ce.

Sai da na zo rubuta roƙo na gane ban iya ba. Shekara goma sha huɗu ana roƙona, ban taɓa karanta ko ɗaya har ƙarshe ba. Na gwada sau uku, duk yana fitowa kamar umarni. Sai na tuna da saƙonnin nan arba'in da wani abu na waccan Juma'ar. Na koma na bi su ɗaya bayan ɗaya, na zaɓi wanda ya fi taɓa zuciya, mai "ranka ya daɗe" sau uku da "ba halina ba ne". Na kwafe shi kaf, na sauya "aikin gida" zuwa "makin ɗalibai", na tura wa injiniya, na sa shugaban sashe a kwafi.

Minti biyar amsa ta zo. "Malam, na buɗe maka har 23:59 na daren yau, Juma'a, wato kafin Asabar ta shigo. Sai dai Yallaɓai yana tambaya, yaushe ka koma aji biyu? Akwai lambar rajistar ɗalibi a ƙasan takardarka."