Kafin a sayo tabarau, a fara gaya wa yaron gaskiya

A asibitin yara na Lucile Packard da ke jami'ar Stanford a Amurka, wajen 2017 suka fara wani gwaji da suka sa wa suna Brave Heart. Yaron da za a zura wa bututu zuwa zuciya, sai a ba shi tabarau na kwamfuta, irin wanda ake ce wa VR ɗin nan, ya tafi da shi gida kwanaki kafin ranar aikin. In ya ɗaura a ido sai ya gan shi tsulum a cikin asibitin, ya waiga hagu ya waiga dama, ga inda za a karɓe shi, ga gadon da za a kwantar da shi, ga manyan fitilu da injina, ga likitoci sun rufe baki da hanci, har ɗakin da zai farfaɗo. A ciki kuma ana koya masa yadda zai riƙa jan numfashi a hankali in gabansa ya fara faɗuwa. Ranar da ya zo da ƙafarsa, ba baƙon wuri ba ne a gare shi.

Na san abin da wasu za su ce, mu da ko kuran, wato wutar lantarki, bai zama ba a Garwa da Marwa wa ke ta tabarau. Ku dakata tukun, zan zo nan.

Shi aikin bututun ba yanka ƙirji ba ne. Siririn bututu ne ake shigarwa ta jijiyar jini, galibi a matsematsi, a tura shi a hankali har cikin zuciya ana kallo a allo, a auna ƙarfin jini, wani lokaci ma a toshe huda ko a buɗa ƙofar da ta tsuke ba tare da wuƙa ba. A wajen likita ƙaramin aiki ne in aka gwada da tiyatar buɗe ƙirji. A wajen yaro ɗan shekara 8 kuwa, an hana shi abinci tun dare, an tuɓe masa riga, an raba shi da uwarsa a bakin wata ƙofa, mutanen da bai taɓa gani ba sun kewaye shi suna magana da yaren da ba ya ji, ɗaya na matso masa da roba a hanci. Kai ko babba ne sai ya yi salati.

Kuma tsoron nan ba wai tausayi kawai ba ne, maganar lafiya ce. Masu sa maganin barci sun daɗe da lura cewa yaron da ya shiga barcin tiyata a firgice ya fi tashi a birkice, yana fisge-fisge yana cire ƙarin ruwa, ya fi kukan zafi bayan aiki, wasu ma in an koma gida sai firgita da dare da fitsarin kwance su dawo musu. Ga mai ciwon zuciya abin ya fi haka, don kuka da tashin hankali na ƙara bugun zuciya, akwai ma irin ciwon da ake haihuwar yaro da shi wanda in ya yi kuka mai tsanani sai leɓɓansa su yi baƙi numfashi ya gagara. Shi ya sa ake ba su wani magani midazolam kafin a shiga da su, ya sanyaya musu jiki.

Tabarau yana aiki ta hanya biyu, mutane na haɗa su alhali ba ɗaya ba ne. Ta farko ɗauke hankali. Wannan ta samo asali tun ƙarshen shekarun 1990 a jami'ar Washington da ke Siyatil, inda Hunter Hoffman da David Patterson suka ƙera wani wasa mai suna SnowWorld don masu ƙunar wuta, ana wanke musu gyambo su kuma suna can cikin ƙanƙara suna jifa, sai suka riƙa cewa zafin ya ragu, saboda hankalin ɗan Adam ba ya iya ɗaukar komai a lokaci guda. An maimaita irin wannan a kan yara wajen allura da ɗibar jini, an ga raguwar tsoro da raɗaɗi, ko da yake yawancin gwaje-gwajen ƙanana ne. Hanya ta biyu ita ce ta Brave Heart, a nuna wa yaro abin da ke gabansa tun kafin ya same shi. Ni ta biyun ce ta tsaya min a rai, don a nan ne muke da babban laifi.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya, yaya muke kai yaro lopital? "Taso mu je kasuwa in saya maka alawa." "Wallahi ba allura, dubawa kawai za a yi." Yana shiga sai a danne shi mutum uku, wannan ya riƙe ƙafa wannan hannu, in ya yi ihu a ce haba namiji da kuka. A gida kuma da me ake tsorata shi? In ba ka yi shiru ba zan kira likita ya yi maka allura. To mun shekara muna gina masa likita a matsayin dodo, rana ɗaya kuma mu miƙa shi hannun dodon mu ce ya kwantar da hankali. Iyaye ba mugunta suke yi ba, na sani, gani suke in an faɗa masa zai kwana bai yi barci ba, wasu kuma gani suke faɗin abu jawo shi ne, gara a yi shiru a bar wa Allah. Amma yaron da aka yi wa ƙarya sau ɗaya a bakin asibiti, gobe ko ka rantse da Alƙur'ani ba zai yarda ba, shi kuma mai ciwon zuciya ba zuwa ɗaya yake yi ba, abokin asibiti ne na shekaru.

Sannan a dubi tafiyar da yaranmu ke yi. Kusan jariri 1 cikin 100 ana haihuwarsa da matsala a zuciya, ko'ina a duniya haka ne, bambancin shi ne inda za a gyara. Cibiyar zuciya ta Shisong kusa da Kumbo a Kamaru, da aka buɗe a 2009 da taimakon Italiyawa, ita ce mutane da yawa suka sa wa rai, sai rikicin yankin masu Turancin Ingilishi ya sa zuwa can ya zama abin tsoro. Mutanen Chadi da dama Kartum suke nufa, cibiyar Salam ta ƙungiyar Emergency da ke aiki kyauta tun 2007, to ga yaƙin Sudan tun Afrilun 2023. Saura Yawunde da Duwala, wato mota daga Marwa zuwa Ngaundere, a kwana cikin jirgin ƙasa, a sauka a garin da ko gaisuwarsu yaron bai iya ba. Akwai kuma waɗanda Allah ya ci da su ƙungiyoyi irin su Mécénat Chirurgie Cardiaque, wadda likita Francine Leca ta kafa a 1996, suka ɗauke su zuwa Faransa. A tsarin wannan ƙungiya yaro shi kaɗai yake tafiya, ba uwa ba uba, masu sa kai ne ke raka shi a jirgi, wani gida na Turawa ya riƙe shi makonni har ya warke. Aikin alheri ne babu shakka, rayuka da yawa sun tsira ta nan. Amma ka sa kanka a matsayin yarinya 'yar shekara 6 daga Kuseri wadda ba ta taɓa kwana nesa da goyon uwarta ba, ba ta jin komai sai Hausa da Larabcin Shuwa. In akwai yaron da ya cancanci a nuna masa jirgi da gado da fuskar matar da za ta riƙe shi tun yana gida, ai ita ce, ta fi yaron Kalifoniya buƙata nesa ba kusa ba.

Yanzu maganar kuɗi. Masu cewa ba wannan ne a gabanmu ba suna da gaskiya rabi. In aka ba ni zaɓi tsakanin injin hoton zuciya da akwatin tabarau, ko tsayawa tunani ba zan yi ba. Tabarau na son caji, yana son a goge shi da magani tsakanin yaro da yaro, wasu yana sa su jiri da tashin zuciya, ƙananan yara sosai ma ba a sa musu, kuma duk mun san yadda kayan kyauta ke ƙarewa a kabad ɗin ofis da zarar baƙin da suka kawo sun hau jirgi. Abin da ya fi damuna ma, in aka kwaso na can yadda yake, yaro zai ga asibitin Amurka ana masa Turanci, ya zo ya tarar da wani abu daban, ka ga an sake yi masa ƙarya ke nan da na'ura mai tsada.

Sai dai ba dole sai mai tsadar ba. Wani bincike a Liyon ta Faransa ya gano cewa barin yara su yi wasa a tablet kafin maganin barci yana kwantar da su kusan daidai da midazolam. Tun 2014 kamfanin Google ya fito da tabarau na kwali wanda waya kawai ake zurawa a ciki. Ko ba kwalin ma, bidiyo na minti kaɗan da aka ɗauka a ainihin asibitin da za a kai yaro, infirmiyan da zai tarbe shi ne ke magana, da Hausa da Fulatanci da Larabcin Chadi, a tura ta WhatsApp, uwa ta kalla tare da ɗanta sau nawa suke so, wannan sefa nawa zai ci? Kuma uwar ma ta fi kowa buƙata, don yaro fuskar uwarsa yake karantawa, in ta rikice ya rikice.

Akwai wani wuri da nake ganin ɗauke hankalin ma zai yi mana amfani fiye da ɗakin tiyata. Ciwon zuciyar da ya fi cin yaranmu 'yan makaranta ba na haihuwa ba ne, wanda hakin wuya ke jawowa ne. Yaro ya yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, a kai shi wajen wanzami a cire belu ko a ba shi jiƙo, ba a ba shi penisilin ba, bayan makonni gaɓoɓi su kumbura, a hankali ƙofofin zuciya su lalace. Mutum sama da miliyan 40 ke ɗauke da wannan ciwo a duniya, yana kashe sama da 300,000 duk shekara, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta zartar da ƙuduri a kansa a 2018. Abin da ke tsayar da shi allura ce ta benzatin penisilin duk sati 3 ko 4, shekara da shekaru, wasu sai sun girma. Allurar kuwa mai kauri ce, a ɗuwawu ake yi, tana da zafin gaske, kuma zafin na cikin dalilan da ke sa yara gudu su daina zuwa, in sun daina ciwon ya dawo ya ƙara cin zuciyar, ƙarshe sai tiyatar da babu kuɗinta. A wasu ƙasashen ana gauraya ta da lidokayin, maganin kashe zafi mai arha, ana kuma ba yaro abin kallo lokacin da ake yi. Ka haɗa waɗannan biyun da infirmiye mai haƙurin cewa "ƙanena, za ta yi zafi kaɗan, ƙirga goma da ni", ina ganin yaran da za su dawo wata mai zuwa za su fi na yanzu yawa.

Saboda haka in wata ƙungiya ta zo Garwa ko Injamena da niyyar kawo tabarau, ni ba zan ce a kore ta ba, a karɓa da hannu biyu. Amma a tambaye su abu uku tun a zaman farko: da wane yare yake magana, wane asibiti yake nunawa, kuma wa zai gyara in ya lalace. In amsar ita ce Turanci, Kalifoniya, sai an aika Turai, to a roƙe su su juya kuɗin a ɗauki bidiyo a nan gida, ragowar a zuba a farmasi a sayi penisilin da lidokayin.