Siminti Ba Gyara Ba Ne Ga Gidan Tarihi

Da zarar an ce za a "gyara" wani ƙaramin gidan tarihi a ƙasar nan, kowa ya san abin da zai biyo baya: buhunan siminti, bokitan fenti, da allon ɗan kwangila a bakin ƙofa. Sai a yanke kyalle, a tafa, a watse. Bayan damina biyu ko uku bango ya fara kumbura.

A duba gidan tarihi na Kanta da ke Argungu. Fadar Sarkin Kabi ce har 1942, aka mayar da ita gidan tarihi a 1958. A irin wannan wuri ginin kansa yana cikin kayan da ake adanawa, darajarsa ba ta gaza ta masu da takubba da tambura da ke ciki ba.

Ginin ƙasa yana shan danshi, yana kuma fitar da shi. Idan aka lulluɓe tubali da siminti, laimar da ke tasowa daga tushe ba ta da hanyar fita. Ƙasar ta jiƙe ta ruɓe daga ciki, simintin ya tsage, ruwan sama ya shiga ta tsagar, wata rana ɓangare guda ya zube gaba ɗaya. Kafin nan gara ta gama da azara a ɓoye, domin babu mai ganinta. Masu cewa siminti ya fi ƙarko su je su tambayi Sarkin Magina na garinsu.

Magina sun daɗe da maganin wannan: yaɓe kafin faɗuwar ruwa, makuba daga ɓawon ɗorawa, laso da ake haɗawa da katsi da gashin jima da dafara, sai kuma share indararo. Laifin wannan aiki ɗaya ne, ba shi da tsadar da za a ci riba a kwangila.

Haka abin yake a cikin ɗakuna. Hunturu na busar da fata ta tsattsage, damina ta kawo fumfuna, wani kuma ya ɗauki tsohon rubutun ajami ya manne shi cikin leda da zafi wai yana adanawa, alhali ya kashe takardar. Muka yi ta murna a 2022 da Jamus ta dawo da wasu kayan tarihin masarautar Benin, namu na gida ko lamba ba a sa wa wasunsu ba.

A ware kuɗin yaɓe duk shekara a kasafin ƙaramar hukuma, a miƙa aikin ga magina. A buɗe rajista: kowane kaya da lambarsa, hotonsa da sunan gidan da ya bayar.