Yaron da ke waƙa a cikin wuta

Jiya da daddare ina sauraron kiɗan Karlheinz Stockhausen, Bajamushen nan mai tsara kiɗa, sai ƙanwata ta leƙo ɗaki ta ce, "Yaya, wayarka ce ta lalace?" Ban ga laifinta ba. Mu da kunnenmu ya saba da kalangu da gurmi, kiɗan da ƙafa ba ta iya binsa da wuya mu kira shi kiɗa. Amma ni wannan mutumin ya taɓa min zuciya, kuma ina so in faɗi dalili.

An haife shi a 1928 a wani ƙauye kusa da Kolon, birnin da iyayenmu suka daɗe suna jin sunansa a sashen Hausa na Muryar Jamus. Yana ɗan shekara 4 aka kai mahaifiyarsa asibitin masu taɓin hankali. A 1941 gwamnatin Hitila ta kashe ta a asibitin garin Hadamar, cikin shirinta na kawar da majinyatan da ta ce ba su da amfani. Mahaifinsa, malamin makaranta, ya tafi fagen daga bai dawo ba. Shi kuma yana ɗan shekara 16 aka sa shi ɗaukar sojojin da suka ji rauni a asibitin soja na Bedburg. Ya ba da labarin waɗanda bam ya ƙone wa fuska, har sai ya lalubi inda bakin yake kafin ya iya ba su abin sha.

To, wanda ya ga wannan, wane irin kiɗa kuke so ya yi? Da bakinsa ya ce bugun da ke maimaita kansa yana tuna masa kiɗan faretin 'yan Nazi da rediyo ke sakawa dare da rana, kiɗan da ke sa mutane su bi sahu ba tare da tunani ba. Tun da na san haka na daina neman wurin rausayawa a kiɗansa.

Aikin da nake komawa gare shi kullum shi ne Gesang der Jünglinge, wato Waƙar Samari, na 1956. A ɗakin gwajin sauti na gidan rediyon WDR da ke Kolon ya yi shi, lokacin da babu kwamfutar da za ta taimaka. Zaren naɗar murya ake yankawa guntu-guntu, a liƙa da hannu, aikin watanni. Ya naɗi muryar wani yaro ɗan shekara 12 yana rera yabon Ubangiji, kalmomin samarin nan uku da Sarki Nebukadnezar ya jefa cikin tanderun wuta a Littafin Daniyel. Mu da muka tashi da ƙissar Annabi Ibrahim (AS), labarin bai zame mana baƙo ba. Sai ya cuɗa muryar da sautin na'ura, mai ƙyasƙyas kamar tartsatsi, mai kumfa kamar ruwa na tafasa. Muryar ta nutse, ta tarwatse, kalma ta rabe biyu, can kuma ka ji ta fito tas, siririya, tana ci gaba da yabo. Duk lokacin da ta fito sai tsigar jikina ta tashi, domin maraya ɗan shekara 16 nake gani a cikin wutar nan.

Ba duk abin da ya yi nake karɓa ba. Licht, wasan waƙe bakwai na ranakun mako da ya kwashe daga 1977 zuwa 2003 yana rubutawa, ya kai awa 29, kuma akwai wurin da ake ɗora makaɗa huɗu a jirage masu saukar ungulu huɗu. A ganina girman kai ya shiga nan. Maganar da ya yi a Hambug a 2001, inda ya kwatanta harin 11 ga Satumba da aikin fasaha, ta yi min ciwo matuƙa. Ya ce an juya masa magana, amma mutumin da ya ɗauki ƙonannu da hannunsa bai kamata harshensa ya zame a nan ba. Ya rasu a Kürten a 2007, kuma har yau na kasa raba wannan maganar da sunansa.

Waƙar Samari minti 13 ce. Da safe na miƙa wa ƙanwata abin kunne, na ba ta labarin mahaifiyarsa, ta zauna a bakin gado ta saurara har ƙarshe. Da ta cire, sai ta tambaye ni ko yaron ya san abin da za a yi da muryarsa.