Ilhamar da ke zuwa bayan an ji alat

Ban kama sunan kowa ba, don haka kada wani ya turo min yaransa. Amma waƙa ɗaya tal, an ba ta tarihi har kala uku, dole a yi magana.

A gidan rediyo mawaƙin cewa ya yi a mafarki aka ba shi amshin, ya farka cikin dare yana hawaye. Da aka koma hirar YouTube sai ta zama ta mahaifiyarsa, wai ita ya tuna ya ɗauki biro. Yanzu kuma a TikTok wata budurwa ce ta yaudare shi, ciwon ne ya fito baiti-baiti. Malam, zaɓi ɗaya ka riƙe mana, mu ma mu san wadda za mu taya ka kuka a kai.

Su kuwa mutanen sutudiyo na Zoo Road a Kano dariya kawai suke yi, domin sun san waƙar biki ce. Wani Alhaji zai aurar da 'yarsa, ya ba da kafin alƙalami, aka shiga sutudiyo. Biki ya watse, aka cire sunan amarya da na ƙawayenta aka sa "masoyiya", aka sake haɗa kiɗan, shi ke nan ta zama waƙar da ta fito daga ƙasan zuciya. Karin kuwa, duk wanda ya taso da kallon finafinan Indiya ya san gidan da aka ɗebo shi. Sai dai in a mafarkin ma fim aka kunna masa.

Ni ban ga abin kunya a waƙar kuɗi ba, sana'a ce. Manyan da ake ta kiran sunansu a hira ba su taɓa ɓoye wannan ba. Narambaɗa makaɗin Sarkin Gobir na Isa ne, duniya ta sani, kuma da hakan yake tinƙaho. Ɗanƙwairo ya yi wa Sardauna waƙa, ya yi wa sarakuna. Ɗan Anace kuwa ɗan damben nan Shago ya wasa a fagen dambe, bai ce aljanu suka raɗa masa ba. Shata, Allah ya jiƙansa, har ya rasu a 1999, in ka ba shi mota ko riga, a cikin waƙar zai faɗa, da sunanka da garinku, 'yan amshi su karɓa. Dalilin waƙarsu a cikin waƙar yake, ba sai ɗan jarida ya zo da makirfo an zauna ana ƙirƙira ba. Kuma don an ba su doki, waƙar ba ta rage daɗi ba.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne yaran da ke tasowa. Suna jin irin wannan hira sai su ɗauka waƙa saukowa take yi daga sama, su kwanta jiran mafarki, alhali yaron da ya rubuta rabin baitocin yana nan a bakin sutudiyo, ko sunansa ba a ambata ba, kuɗin mota kawai aka sallame shi da shi.

Saboda haka in za a je hira ta huɗu, a ɗan yi shawara da mai kiɗa tukuna. Ta asalin tana nan a kwamfutarsa bai goge ba, sunan amarya na baiti na biyu, na angon kuma har sau uku aka kira shi.